Lambar da Aka Sa wa Mai Ɗinki

Ɗakin fayil yana can ƙuryar asibitin masu taɓin hankali, jikin ɗakin wanki, inda in aka tayar da inji sai kofin shayi ya riƙa rawa a kan tebur. Mata biyu ke aiki a ciki. Babbar, kowa Yaya yake ce mata, daga masu shara har likitoci. Ƙaramar kuwa Auta, sunan gida ne da ya biyo ta wurin aiki ya zauna daram. Ba su haɗa dangi ba, amma baƙo ba zai gane haka ba. Yaya ce ta tsaya aka ɗauki Auta aiki, ita ta koya mata komai, kuma da Auta ta haifi 'yarta ta fari sunan Yaya ta sa mata. Takwara ake kiran yarinyar a gida.

Aikin nasu ba mai fitowa fili ba ne. Duk majiyyacin da aka sallama, fayil ɗinsa wurinsu yake gangarowa. Sai su karanta abin da likitoci suka rubuta tun daga ranar kwanciya har ranar sallama, su gane takamaiman cutar da aka yi wa magani, su buɗe ƙaton littafin cututtuka su nemo lambarta. Kowace cuta da tata lamba. Ita ake shigarwa a kwamfuta, kuma ita ke bin mutum duk inda ya tafi. In wani asibiti ya nemi bayani, ita za a buga masa. In wurin aikinsa ko kotu ce ta tambaya, ita ɗin ce dai. Fayil mai kaurin bulo sai ya koma harafi ɗaya da 'yan lambobi.

"Ki karanta har bangon baya," haka Yaya ta riƙa gaya mata tun tana sabuwa. "Likita yakan canza ra'ayi a shafin ƙarshe, kuma ba zai biyo ki ya gaya miki ba. Ga rubutun nasu kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda."

Da aka kawo sabon Babban Likita, sai ya zo da nasa tsari. Mutum ne mai son bincike, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne: in mutum biyu suka karanta fayil ɗaya, lamba ɗaya za su sa, ko kowa da tasa? Ya ce daga yanzu kowane fayil sau biyu za a karanta shi, kowacce ita kaɗai, ba shawara, ba leƙe. Aka jawo dogon kabad aka gitta tsakanin teburansu. Kowacce ta rubuta lambobinta a tata takarda, in an tashi ta sa a ambulan. Da yake Yaya ce babba, ita ke ajiye ambulan ɗin duka a aljihun teburinta, ƙarshen mako ta kai ofishin Likita a gwada. Inda suka zo ɗaya, a shigar a kwamfuta. Inda suka saɓa, a zauna da Likita a warware.

Da farko sun yi ta saɓawa. A fayil goma, sai a samu uku da kowacce ta ga nata daban. Daga baya saɓanin ya fara raguwa, har ta kai sai a yi wata guda ba a kira su ba. Likita ya cika da murna. Ya rubuta rahoto, ya je babban taron likitoci ya karanta, ya dawo da takardar yabo ya rataye a bangon ofishinsa. In baƙi suka zo, har ɗakin fayil yake kawo su.

"Ga su nan," yakan ce. "Ba sa ganin takardar juna, amma sai ka rantse kai ɗaya gare su."

Auta ba ta taɓa mamakin abin ba. "Ai dole hannunmu ya zo ɗaya, Yaya," ta ce wata rana suna shan shayi. "Wa ya koya min?"

Yaya ta yi dariya ta ce, "To ki riƙa faɗa a gaban mutane, kada wata rana ki ce da iyawarki aka haife ki."

A shekarun nan ciwon suga ya matsa wa Yaya. Ta canza tabarau ya fi a ƙirga. In saƙo ya shigo wayarta sai ta miƙo ta saman kabad ta ce, "Karanta min, Auta, masu yin wayoyin nan ba su san da tsofaffi ba." Kuma kullum ita ke riga Auta zuwa, ita ce ta ƙarshen tashi. Auta ta ɗauka duk son aiki ne.

Wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin. Ba a saba ba, don majiyyata ba sa zuwa nan. Auta ta buɗe, ta ga wata mata tsaye, mai tsafta, rigarta ta zauna mata kamar a jikinta aka zana. Tana riƙe da takarda a naɗe.

"Sannunku da aiki," ta ce. "An ce a nan ake sa wa mutane lamba."

"Nan ne, baiwar Allah. Lafiya?"

"Ni ɗinki nake yi. Na kwanta a asibitin nan bara. Likitana ya san ciwona, ni ma na san shi, ina shan maganina ban taɓa fashi ba." Ta warware takardar ta miƙo. "So nake in ga wadda ta rubuta ni 'yar ƙwaya."

Ba ta ɗaga murya ba. A tsaye a bakin ƙofa ta ba su labari. Sun rabu da mijinta, suna shari'a kan riƙon 'ya'yansu biyu. Kotu ta nemi bayani daga asibiti, asibiti ya buga abin da ke cikin kwamfuta, wani ƙaramin likita ya sa hannu bai duba fayil ba. Takardar ta ce an kwantar da ita ne saboda shan ƙwayoyin sa barci. Alƙali ya karanta a gaban jama'a, ya ba uban riƙon yaran.

"Ni ko maganin ciwon kai sai na tambayi likita," ta ce. "Babbar 'yata tana wurin aka karanta. Ta juyo ta kalle ni."

Kafin azahar an fito da fayil ɗin. Rubutun likitan a fili yake: ciwon nan ne da kan ɗaga mutum sama ya yi kwanaki ba barci sai zumuɗi, sannan ya jefa shi ƙasa cikin baƙin ciki. Lambarsa F31. Abin da ke cikin kwamfuta F13 ne, lambar masu shan ƙwayar barci. An juya ɗaya da uku.

Auta na ganin fayil ɗin ta gane shi. Ta tuna shi sarai. Ta tuna ta karanta har bangon baya, ta san cutar, ta san lambar. Hannunta ne ya juya. Irin wannan kuskuren ne ma dalilin da ya sa aka ce mutum biyu su karanta. Da aka ɗauko takardun makon, tata ta ce F13. Ta Yaya ma ta ce F13.

Da suka koma ɗaki, Auta ta zagayo kabad ɗin ta tsaya a kan Yaya.

"Yaya, ni na juya lambar nan, na sani. Amma ke ya aka yi taki ma ta juya?"

Yaya ba ta ɗago ba. Tana ta jera fayiloli da ta riga ta jera. "Gajiya ce, Auta. Bari dai mu ji abin da kwamiti zai ce."

Wani zato ya zo wa Auta, amma ta kawar da shi. Ta ce wa kanta ba a yi wa Yaya irin wannan zato.

Kwamitin mutum uku ne: Babban Likita, shugabar nas-nas, da jami'in ma'aikata. Aka zaunar da Yaya da Auta a kujeru biyu kusa da juna. Likita ya ajiye takardun a gabansa ya ce mutum biyu suna iya fahimtar fayil ba daidai ba su yi kuskure iri ɗaya, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma hannu biyu ba sa zamewa iri ɗaya a wuri ɗaya.

"Ɗaya ta yi kuskure, wannan kowa na yi," ya ce. "Ɗaya kuma ta kwafa. Wannan shi ne abin da ya tara mu."

Auta ba ta jira an tambaye ta ba. "Ranka ya daɗe, ni na juya lambar. Na tuna fayil ɗin. Kuskurena ne, kuma ina neman gafara, musamman wurin matar nan."

Sai Yaya ta cire tabarau, ta sa gefen mayafi ta goge ido.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "yarinyar nan ni na raine ta a aikin nan, ban so a kai ga haka ba. Amma tunda an zo gaban manya, gaskiya ɗaya ce. Kuskuren nawa ne. Ni na juya lambar, tsufa ne. A wancan makon 'yarta ba ta da lafiya, aiki ya taru mata, hankalinta na gida. Na fita na bar takardata a kan tebur, na dawo na same ta a kanta. Na yi shiru, don na ga halin da take ciki. Sau ɗayan nan ne, ban taɓa ganin ta yi ba kafin nan ko bayan nan. Ina roƙo a yi mata sassauci."

Auta ta juya ta kalle ta baki buɗe. Gaskiya ne Takwara ta yi zazzaɓi a makon. Yaya da kanta ta zo gidan dubiya da ledar lemo, ta ɗora yarinyar a cinya.

"Yaya," ta ce. "Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Ke, dakata," shugabar nas-nas ta ce. "Babba na nema miki sauƙi, kina neman yi mata rashin kunya?"

"Wallahi ni na yi kuskuren! Ban taɓa ganin takardarta ba!"

Jami'in ma'aikata ya girgiza kai. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutum biyu na rigima a kan laifi, kowa na cewa nasa ne." Ya yi 'yar dariya shi kaɗai. "Amma mun gane. Kowa zai so ƙaramin laifin."

Aka ce su tafi, za a sanar da su.

Da yamma Auta ta iske maigidanta a tsakar gida ya kwance bayan wani firiji, don gyaran firiji ne sana'arsa. Ta zauna a kan bokiti ta gaya masa duka, ba ta yi kuka ba sai da ta zo wurin ledar lemo. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya goge hannu da tsumma.

"Maman Takwara, in tambaye ki. Ambulan ɗin naki, in kin rufe, wa kike ba wa?"

"Yaya."

"Ya kwana a ina?"

A nan zaune komai ya riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: sammakon Yaya, tabarau bayan tabarau, wayar da ake miƙo mata ta saman kabad. Matar da ba ta iya karanta saƙon waya, ta yaya take karanta rubutun likita?

"Na shiga uku," ta ce a hankali. "Ashe ni kaɗai nake karantawa."

Ranar hutun ƙarshen mako ta tafi gidan Yaya da rana. Gidan da ta sani kamar nasu, har ta san kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa. Yaya ta karɓe ta kamar ba abin da ya faru, ta ɗauko flas da kofuna. Auta ta zuba mata ido. Ta ga yadda ta lalubo bakin kofin da ɗan yatsa kafin ta tsiyaya, ta bar yatsan a ciki har ruwan zafi ya taɓa shi, sannan ta tsaya.

"Tun yaushe, Yaya?"

Yaya ta ajiye flas ɗin.

"Tun aikin idon da aka yi min bai yi ba," ta ce. "Ya kusa shekara uku."

"Shekara uku kina buɗe ambulan ɗina."

"Lambobi manya kike rubutawa. Su ina iya gani, in na kai su kusa da taga."

"Me ya hana ki gaya min? Ni ce fa. Da mun je wurin Likita tare, da an nema miki wani aikin da ba na karatu ba. Ko me kika ce in yi, da na yi."

"Wani aikin?" Yaya ta yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ke yarinya ce, ba ki san asibitin nan ba. Ranar da suka ji ba na gani, ranar za su nuna min ƙofa. Saura kaɗan in yi ritaya da mutuncina. Shekara nawa na yi a ɗakin nan ina shaƙar ƙurar takarda? In fita a makauniyar da aka kora?"

"Shi ya sa kika shafa min kashin kaji."

"Gargaɗi kawai za a ba ki. Kina da ƙuruciya, kina da miji tsayayye, shekara biyu an manta. Ni in suka gano, kora ce, ba ko kuɗin sallama. Na auna ne, Auta. Na ga ke za ki iya ɗauka, ni ba zan iya ba."

"Kin auna." Auta ta ƙura mata ido. "Da ciwon 'yata kika auna. Yarinyar da ke ɗauke da sunanki."

Yaya ta kawar da kai.

"Matar nan fa? An raba ta da 'ya'yanta. An ajiye ki ne don in hannuna ya zame ki kama. Da kin karanta fayil ɗin, da yanzu suna ɗakinta."

"A'a, kar ki ɗora min wannan," Yaya ta ce da sauri. "Wa ya juya lambar? Ni ce? Kuskurenki ne, ke ma kin sani."

Auta ta miƙe tsaye. A gaban kwamiti Yaya ta ƙwace kuskuren ta ce nata ne, yanzu da ba kowa ta mayar mata da abinta. Ta ɗauki jakarta. Shayin na nan yadda aka zuba shi.

"Ki gaida min Takwara," Yaya ta ce daga bayanta.

Auta ba ta juyo ba.

Farkon mako ta nemi ganin Babban Likita. Ta gaya masa abin da ta gano, ta ce ba ta neman ya yarda da bakinta. A ɗauko sababbin fayiloli, a sa ta a ɗaki ɗaya, a sa Yaya a wani ɗakin, kowacce ta miƙa masa takardarta hannu da hannu. Ko ma a buɗe shafi ɗaya a ce Yaya ta karanta a fili.

Likita ya jingina da kujera yana juya biro.

"Kin san abin da kike cewa kuwa? Kina cewa kusan shekara uku mutum ɗaya ke karanta fayilolin asibitin nan."

"Shi nake cewa, ranka ya daɗe."

"Kuma duk alƙaluman da muka fitar, duk abin da na tsaya gaban mutane na karanta..." Bai ƙarasa ba. Idonsa ya kai bango, ya dawo. "Yaya ta ce sau ɗaya ne. Mace ce da ta yi wa asibitin nan hidima tun kafin ki gama firamare. Ba zan sa a tsayar da ita ana yi mata jarrabawa kamar 'yar makaranta ba, don kawai kin ji zafin hukunci."

"Ba don ni ba, Likita. In na juya lambar mai ɗinki, ƙila na juya ta wani. Ba wanda ya duba bayana."

"Kwamiti ya gama aikinsa," ya ce, ya jawo wata takarda gabansa. "Ki rufo min ƙofar."

A nan ta gane Yaya ba a banza ta ce sau ɗaya ba. Ta san maganar da Likita zai so ya ji.

Aka ba Auta takardar gargaɗi, aka sa kwafi a fayil ɗinta na aiki, aka mayar da ita tagar ba da kati a bakin ƙofar asibiti. Labari ya zaga. Masu gaishe ta da fara'a suka koma gaisuwar nesa. Wata rana ta ji wata nas na ce wa 'yar'uwarta, "Ga mai satar amsar can," suka tuntsire da dariya. Wasu kuma suna yaba Yaya, wai duk da abin da yarinyar ta yi, ita ce ta roƙa kada a kore ta.

Asibiti ya aika wa kotu takardar gyara. Kotu ta ce an riga an yanke hukunci, sai dai a ɗaukaka ƙara. Kafin a sa rana uban ya kwashe yaran ya koma wani gari. Bayan 'yan watanni, Auta na zaune a taga ta ɗago kai ta ga mai ɗinki a layi, wata tsohuwa na riƙe da hannunta. Rigar ta yi mata yawa. Tana ta magana ba tsayawa, tana gaya wa duk wanda ke kusa cewa ta ɗinka wa yaranta kayan makaranta kala bakwai a dare ɗaya. Ciwon ya tashi.

Da layi ya zo kansu, ta tsaya cak ta ƙura wa Auta ido.

"Na san ki. Ke ce ta ɗakin lamba."

"Ni ce." Auta ta riƙe katin ba ta miƙa ba. "Baiwar Allah, ni na juya lambarki. Da hannuna. Ki yafe min."

"An ce min babbar ce."

"Ni ce."

"To ba ku biyu ba ne? An ce min ku biyu ne kuke dubawa, don kada a cuci mutum." Ta juya wurin tsohuwar. "Mama, ba haka aka ce ba? Su biyu ne?"

Tsohuwar ta karɓi katin ta ce, "Mu je, 'yar nan, likita na jira." Ba ta kalli Auta ba.

A teburin Auta na ɗakin fayil aka sa wani dattijo, tsohon nas da ciwon baya ya hana shi aikin ɗakin majiyyata, ana ce masa Baba Nas. Mutum ne mai taurin kai. Ranar farko da Yaya ta miƙo hannu don ta karɓi ambulan, ya sa abinsa a aljihun riga.

"Ni ko matata ba na ba ta ajiyar takarda," ya ce. "Ƙafata ƙalau, zan kai wa Likita da kaina."

Ba zargin komai yake yi ba, halinsa ne haka. Makon farko Yaya ta ce kanta na ciwo, ba ta gama nata ba. Mako na biyu ta kawo takardar hutun rashin lafiya. Hutun bai ƙare ba sai da ya zama ritaya. Aka yi mata liyafar ban kwana a ɗakin taro, da lemo da kek, Likita ya yi jawabi ya kira ta uwar ɗakin fayil. Auta na taga tana jin tafi.

Fayiloli suka taru har saman kabad. Wata rana da hantsi Likita ya zo tagar da kansa, ya jira mutumin da ke gabansa ya wuce.

"Ina so ki koma ɗakin fayil," ya ce, yana kallon katunan da ke gefenta. "Baba Nas ba zai iya shi kaɗai ba."

"Takardar gargaɗin da ke cikin fayil ɗina fa, ranka ya daɗe?"

"Wannan maganar kwamiti ce. Tayar da ita yanzu ba zai amfani kowa ba. Yaya ta riga ta tafi."

"Amma ka sani."

Ya gyara abin wuyansa. "Ki fara ranar Litinin," ya ce, ya tafi.

Maigidanta ya ce kada ta koma, su nemi wani wurin. Ta ce za ta koma, ba don Likita ba. Ta koma. Kowace rana in ta gama aikin ranar, sai ta ɗauko 'yan tsofaffin fayiloli na shekarun nan uku ta sake karantawa, ta ba Baba Nas shi ma ya karanta nasa daban. Ya yi ta mita, yana cewa an kawo shi hutun baya an ɗora masa kaya, amma bai taɓa ƙin karɓa ba. Sun ɗauki fiye da shekara suna yi. Sun samu kurakurai, ba masu yawa ba, amma akwai: wani direba da aka sa wa cutar da ba tasa ba, wata tsohuwa da aka manta da ciwonta na biyu. Duk wanda suka samu, Auta ta kai wa Likita takardar gyara. Yakan sa hannu bai ce uffan ba. Rahoton nasa bai janye ba, takardar yabon ma tana nan a bango.

Mai ɗinki ta warke aka sallame ta. Da aka zo ɗaukaka ƙara, lauyan mijin bai ƙara maganar ƙwaya ba, kwanciyar da ta yi ta biyu ya kawo. Alƙali ya ce yaran su zauna wurin ubansu, su riƙa zuwa mata hutun makaranta.

Wata yamma ɗan Yaya ya kira wayar Auta. Ya ce idon mamansu ɗaya ya rufe gaba ɗaya, ɗayan ma sai inuwa, ba ta fita ko'ina. Ya ce kullum sai ta ambace ta, tana cewa Auta ta yi mata nisa.

"Ta ce ka gaya mini wani abu ne?" Auta ta tambaya.

"A'a, Anti. Cewa kawai ta yi tana son jin muryarki."

"To. Ka ce ina yi mata sannu."

Ta ajiye wayar ta ci gaba da wanke-wanke. Maigidanta, da ya ji komai daga inda yake zaune, ya ce in tana so zai kai ta a mashin. Ta ce ba yau ba. Bai sake tambaya ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba.